Robar da Na Yanka wa Sandar Mai

Watan jiya wani saurayi ya zo daga Abuja da tsohuwar motar babansa, irin salun ɗin nan da aka daina yi tun kafin a haife shi. Ya sa an yi mata jan fenti, an ɗinka sabbin kujeru, wai da ita zai ɗauko amaryarsa daga coci a Manchok. Ya tsaya gaban rumfata a bayan tasha ya ce, "Mama, sannu da aiki. Sil nake so, na bayan injin. Tana ɗigar mai."

Na ce ya buɗe bonet ya zaro mini gej.

Ya ce, "Sil na ce, Mama."

Na ce na ji shi, kunnena lafiya yake, ya zaro gej.

Ya zaro. Sabuwar sanda ce fil, tana ƙyalli, da hannu ruwan ɗorawa. A waya ya saya, aka aiko masa. Ya ce, "Ai wannan sanda ce kawai. A tsoma, a zaro, a duba."

Saboda shi da ire-irensa nake wannan magana. Ku samarin yanzu kuna son tsofaffin motoci don hoto, kuma kuna ganin aikinmu miƙo kaya ne da karɓar kuɗi. To ku saurara.

Gej ita ce sandar auna baƙin mai. Tana da zobe a sama inda ake riƙewa, da kwala wadda ke tsayar da ita a bakin bututu, da 'yar roba a ƙarƙashin kwalar, da tsaga biyu can kusa da ƙarshe. Abin da ake aunawa shi ne daga kwala zuwa tsaga. Tsawon sandar gaba ɗaya ba ruwanka da shi. Idan ta nutse fiye da yadda ya kamata, za ta ce maka mai ya cika alhali injin na shan iska, sai ya buga. Idan ba ta nutse sosai ba, za ta ce mai bai kai ba, ka yi ta durawa har ya yi yawa. Motocin da ke zuwa wurina babu wadda take da injin da aka haife ta da shi. An sauke, an ɗora wani, an canza kwanon ƙasa inda mai ke kwanciya, an ɗauko na akori-kura an ɗaura wa salun. Bututun wani injin dogo ne, na wani gajere. Sandar kuwa, direba ya ari ta maƙwabcinsa wata safiya, bai mayar ba, yau shekara goma.

Ban yi makaranta ba, lambar da ke jikin kwali ba ta gaya mini komai. Abin da nake da shi shi ne ginshiƙin rumfata, itacen maɗaci ne, na yi masa tsaga-tsaga da wuƙa. Kowane irin injin da tsagarsa. In ka kawo sanda sai in dafa kwalarta a kan ƙusa, in ga inda ta faɗa. Ina da sanduna rataye a bango sun fi yatsun hannu da ƙafa na mutum biyu, na san kowace da motar da aka ciro ta.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Okeke, tsohon makaniken jirgin ƙasa. Da ya ajiye aiki sai ya buɗe gareji a bayan tasha. Ni kuwa na baro Fadan Kaje da 'ya'ya uku bayan idon maigidana ya hana shi tuƙi. Baba ya ɗauke ni wankin kayan injin, a rabin duro da kananzir da tsohon buroshi. Shekara biyu ina wanki kafin ya bar ni in taɓa sifana. Wata rana ya jera sanduna uku a kan benci ya ce, "Maman Bulus, wanne ne na wannan injin?" Na duba na ce duk ɗaya ne. Ya sa na kwance noti na juye man injin a galan, na mayar, na tsoma ta farko. Ya sa na sake juyewa, na mayar, na tsoma ta biyu. Haka ta uku. Mai ɗaya ne, galan ɗaya, amma kowace sanda da abin da ta faɗa. Na ce, "Baba, ai da ba sai an juye sau uku ba, tsomawa kawai za a yi." Ya ce, "Na sani. Amma yanzu ba za ki manta ba." Man da ya ɓata zanina ran nan bai taɓa fita ba.

Sil ma a hannunsa na koya. Zoben roba ne mai leɓe, da siririn sifirin a ciki, yana rungume ƙarfen da ke juyawa don kada mai ya fita. Leɓen ciki yake kallo, in ka juya shi ka yi aikin banza. Ba a dukansa da guduma kai tsaye, sai an ɗora tsohon sil ko guntun katako a kai. Kafin a sa, a bi ƙarfen da farce. In farcenka ya faɗa rami, ko sil na sama za a kawo sai ya yi ɗiga. Wasu tsofaffin injuna ba roba suke ɗauka a baya ba, igiya ce ake jiƙawa a mai ta kwana, a danna ta a rami da ƙotar guduma. Sil ɗin da ya daɗe a kwali kuma, lanƙwasa shi kaɗan ka kai kusa da ido. In ya yi tsatsage, jefar.

Da Baba ya rasu, ɗansa Chidi ya mai da garejin shagon kayan gyara. A kwatas ɗin jirgi aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Shi ke zuwa kudu ya sari kaya, ni kuma na kafa rumfa daura da shi ina ɗauka a hannunsa, sil da gasket da baƙin mai, ina sayar wa direbobi ina kuma duba musu. Yawancinsu masu akori-kura ne da ke ɗaukar citta da doya daga ƙauyuka. Suna da wata al'ada da ban taɓa iya raba su da ita ba. In za su hau dutse ta wajen Kagoro da kaya, sai sun cika mai har tsaga ta sama, sannan su ƙara gwangwanin madara ɗaya a kai. Na hawan dutse suke ce masa. Na yi faɗa har na gaji. Injin yana haƙuri da gwangwani ɗaya, shi ya sa suke ganin suna da gaskiya.

Yanzu ga shekarar da ta ɓaci.

Robar da ke ƙarƙashin kwalar sanda siririya ce, ba ta fi kaurin kwabo biyu ba. A tsofaffin motoci duk ta narke ta faɗi. Direbobi suna naɗa leda ko tsumma a wurin, ƙura na shiga, mai na tofowa ta bakin bututu yana ɓata injin. Abin ya dame ni don ba na son ƙazanta. Sai na samo tsohuwar tayar babbar mota, na sa maƙeri ya wasa mini bakin wani guntun bututu, na riƙa huda roba da shi. Ta fito kamar ƙaramin toshi, kaurin yatsana, da rami a tsakiya. In aka zura a sanda aka danna, sai ta toshe bakin bututu tam. Ko ɗigo ba ya fita. Ban sayar ba. Duk wanda ya sayi sil a wurina sai in sa masa ita gyara, yadda mai tumatir ke ƙara maka biyu a kai. Direbobi suka yi ta sa mini albarka.

Kafin kakar citta ta yi nisa, motoci suka fara dawowa suna ɗiga. Sil ɗin da aka sa wata biyu da suka wuce, ga shi yana zubar da mai kamar rariya. Na canza wa mutum na farko, na canza wa na biyu. Na duba ƙarfe da farce, lafiya lau. Na lanƙwasa sil, babu tsatsage. Suka sake dawowa.

Sai abin Ishaya ya faru. Direba ne daga Kagoro, dogo, mai yawan magana. Ya yi lodin citta har sama, yana tsakiyar hawa sai kuloci ya ƙi kamawa, don mai ya bi ta sil na baya ya jiƙe shi. Motar ta koma da baya ta kwanta a kwalbati. Ubangiji ya kiyaye, ba wanda ya mutu, amma buhuna sun fashe, shi kuma ya karye a hannu. Ya zo rumfata da hannu a rataye, mutane na biye da shi.

Ya ce, "Maman Bulus, kin gan ni? Motan nan ya kusa kai ni wurin kakana. Sil naki ne."

Na ce, "Sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Gwangwani nawa ka ƙara?"

Ya ce, "Ɗaya! Shekara nawa ina ƙara ɗaya? Tun ina kwandasta!"

Gaskiyarsa ce. Wani daga baya ya ce ai ba laifin Mama ba ne, ita ba ta zuwa kudu, Chidi ne ke kawo jabu ya zuba a kwali mai kyau. Maganar ta kama kamar wutar kara. Kafin yamma kowa a tasha ya san wanda aka ce ya gani da idonsa. Ciyaman na direbobi ya ce za a zauna ranar Asabar da safe, in ta tabbata Chidi ya kwashe kayansa ya bar bayan tasha. Chidi ya fito da kwalayen ya ce a duba, inda babansa ke saye nan yake saye. Ba wanda ya duba. Wannan ranar Talata ce.

Ni abin da na iya karantawa ƙasa ce. Kowace safiya kafin motoci su tashi nakan bi layi in duba ƙarƙashinsu. Ɗigon gaba daban, na baya daban, man giya da warinsa. Ranar Laraba na bi layin, duk ƙasa baƙi, sai wuri ɗaya busasshe. Na tsaya har mai wurin ya dawo da yamma. Malam Sale ne, tsohon da ke ɗaukar doya, motarsa ta fi kowace tsufa. Ni na sayar masa da sil daga kwali ɗaya da na Ishaya.

Na ce, "Malam, buɗe mini bonet."

Ya buɗe. Sandarsa da tsumma naɗe a wuya.

Na ce, "Ina robar da na sa maka?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Maman Bulus. Yatsuna sun tsufa, in na ja ba ta fita sai na dafe da ƙafa. Na ba jikana yana wasa da ita. Ban faɗa miki ba ne don kada ki yi faɗa."

Na ce ya rufe.

An riga an jawo motar Ishaya an ajiye bayan garejin wani. Na je da galan da kwano. Na tsoma sandarsa da robata a jiki, mai yana ɗan sama da tsaga, daidai gwangwaninsa, duk da abin da ya zube a hanya. Na kwance noti. Galan ya cika, mai bai daina zuwa ba. Na tara kwano, ya kusa rabi. Na mayar da galan ɗaya cif, abin da injin ke ci ke nan. Na cire robar na tsoma, mai ya tsaya a kan tsaga ta sama. Na mayar da robar na tsoma, ya sauko kusa da ta ƙasa.

Kaurin yatsana ya ɗaga kowace sanda a tashar. Direba ya duba ya ga mai bai kai ba, ya dura har ya kai tsaga, sannan ya ƙara na hawan dutse. Bayan haka akwai na biyu. Tsohon injin yana tara iska a ciki, kuma bututun da aka yi masa don numfashi duk ya toshe da dauɗa tun tuni. Ta bakin sandar nan yake samun sauƙi, tofin da nake ƙyama numfashinsa ne. Ni na je na toshe. Mai ya yi yawa, iska ba hanya, sai ta nemi wuri mai laushi. Sil ne wuri mai laushi. Abin da Baba ya sa na juye mai sau uku a kansa, shi na yi da hannuna, na kuma raba kyauta.

Zan faɗi abin da na yi ranar Alhamis, don ba na son a ba ku labarin a gyare. Na bi motoci da safe kamar ina duba mai, na zare roba uku na sa a ƙugu, ban ce wa kowa komai ba. Lissafina shi ne in tattara su duka a hankali, ɗiga ta tsaya, magana ta mutu da kanta. Ina kan ta huɗu sai na ji ƙarar ƙarfe. Na ɗaga kai, ga yaran Ciyaman sun garƙama kwaɗo a ƙofar shagon Chidi, wai kada ya ɓoye jabun kafin Asabar. Shi yana tsaye a waje da jakar abincinsa a hannu. Ya dube ni ya ce, "Mama, ke kin san kayana." Na ce na sani. Na mayar da ta huɗun inda take.

Ranar Asabar aka taru ƙarƙashin mangwaro. Ciyaman ya sa aka buɗe da addu'a, ta Kirista da ta Musulmi, sannan Ishaya ya tashi ya ba da labarin kwalbati, wanda a lokacin ya riga ya zama rami mai zurfin gida. Da ya gama na ce ina da magana.

Ciyaman ya ce, "Mama, ba ke ake ƙara ba. Zauna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kawo motarka nan."

Aka yi dariya. Wani ya ce Mama za ta yi wa'azi da galan. Aka turo motar. Na yi abin da na yi wa ta Ishaya, a gaban kowa, ban yi sauri ba. Galan ya cika, kwano ya karɓi saura. Na mayar da galan ɗaya. Na miƙa wa Ciyaman sandar na ce ya tsoma da kansa, da roba, sannan ba roba. Ya tsoma sau biyu. Ya sake tsomawa sau biyu. Ya goge a wandonsa, farin wando ne.

Ya ce, "Wa ya sa wannan abu a motata?"

Na ce, "Ni. Ka ce Allah ya yi mini albarka."

Na kwance ƙugu na zube roba ukun a kan bonet, na ce waɗannan na sata ne ranar Alhamis, masu su su rage mansu kafin su tashi. Na ce sil ɗin Chidi lafiyarsa ƙalau, ga motar Malam Sale a je a duba ƙarƙashinta.

Sai Ishaya ya ce, "Wato hannuna, gyara ne ya karya shi?"

Na ce, "Gyara da gwangwaninka. Amma nawa ya fi yawa."

Ya ce, "Da kuɗi na saya ma da sauƙi!"

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Wani ya ce a sa kwaɗon a rumfata tunda an riga an saye shi. Ciyaman ya ce rumfa ba ta da ƙofa. Ya yanke cewa a buɗe wa Chidi shago, ni kuma in sauke man kowace mota zuwa daidai, in buɗe bututun numfashin kowace, in canza duk sil da ya lalace, kuma kada a ga wani abu da na yanka da hannuna a jikin mota a tashar nan har abada. Ba wanda ya ce wa Chidi ya yi haƙuri. Wanda ya ce ya gani da idonsa ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Aikin ya ja har na yi damina guda a ƙarƙashin motoci, a kan kwali, ruwa na bi ta bayana. Sil na baya ba ya fita sai an sauke giya, ku tambayi duk wanda ya taɓa yi. Masu saye suka koma wasu rumfuna, wasu ba su dawo ba har yau. Ishaya ya yi shekara uku in ya zo wucewa sai ya duba sama kamar yana neman hadari. Sunana kuma ya tashi daga Maman Bulus ya koma Mama Roba, har a zumuntar mata. Chidi bai yi mini godiya ba, ban kuma jira ba. Da aka cire kwaɗon ya ɗauki roba ɗaya ya jujjuya ta ya ce, "Aikin ya yi kyau fa, Mama. Da Baba na nan da ya yaba, sannan ya jefe ki da ita." Ya ci gaba da ba ni kaya.

To wannan saurayi na Abuja, na ɗauki sabuwar sandarsa na dafa a ginshiƙi. Ta gaza tsagar injinsa da yatsa ɗaya da rabi. Na ce ba zan sayar masa da sil ba sai ya juye mai a galan. Ya duba agogo, ya ce ɗaurin aure jibi ne. Na ce galan yana nan. Ya tuɓe rigarsa mai tsada ya shiga ƙarƙashi. Galan ya cika, na miƙa masa kwano. Da ya fito bai sake cewa sanda ce kawai ba. Na ciro masa tsohuwar sanda mai tsatsa daga bango, da siririyar roba irin ta kamfani daga shagon Chidi, na sa ya busa bututun numfashi har dauɗa ta fita. Na ce ya yi kwana ɗaya yana yawo da ita, in ta ci gaba da ɗiga ya dawo a sauke giya. Washegari ya dawo da kwali da ya shimfiɗa a ƙarƙashinta, busasshe.

Ya sayi galan biyu na mai don hanya. Yana sa su a but sai ya juyo yana murmushi ya ce, "Mama, duk wannan ciniki, ba gyara?"

Chidi yana zaune ƙofar shagonsa, kansa duk furfura yanzu. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ɗana, shiga motarka ka tafi. Kana da aure gobe."